Caterham Academy: motar tseren da na haɗa da hannuna a gareji

Caterham Seven mota ce mai kujera biyu, ba ƙofar ƙarfe, ba rufin kirki, ba rediyo, ba na'urar sanyaya iska, ba fawa a sitiyari, ba ABS a birki. Nauyinta kilo 500 da 'yan kai, wato Corolla ta yanzu ta ninka ta sau biyu har da ɗori. Kamfanin da ke ƙera ta yana Dartford a yankin Kent, gabas da Landan, kuma yana sayar da ita iri biyu: ko su haɗa maka ka je ka ɗauko abinka, ko su kawo maka ita a wargaje ka haɗa da kanka. Ni ta biyun na saya, samfurin da suke kira Academy, wanda aka tsara domin sababbin shiga tseren mota. Na haɗa ta a garejin gidanmu da ke tsakiyar Ingila, na kuma yi kakar tsere guda da ita. Ra'ayina tun daga farko shi ne: tana da tsada ƙwarai, haɗa ta bai kai wahalar da ake zato ba, kuma ta cancanci kuɗinta ga mutum iri ɗaya tak, wanda da gaske filin tsere zai kai ta. Shi kuwa wannan mutumin, ina roƙonsa kada ya bari wani ya haɗa masa.

Colin Chapman, mai kamfanin Lotus, shi ya fito da motar a 1957 da sunan Lotus Seven. A wancan zamani gwamnatin Birtaniya na ɗora haraji mai nauyi a kan sabuwar motar da aka gama haɗawa, amma ba ta ɗora shi a kan kayan da mutum ya saya ya haɗa a gidansa, don haka samari masu son gudu da ƙaramin aljihu suka rungume ta. Da aka kawo harajin VAT a 1973 wannan rangwame ya kau, shi kuma Lotus dama hankalinsa ya koma kan motoci masu tsada, sai ya sayar da haƙƙin ƙera ta ga dillalinsa Graham Nearn, wanda shagonsa ke garin Caterham a Surrey. Tun 2021 kamfanin yana hannun VT Holdings na Japan. Inji ya canza, giya ta canza, an sake tsarin ƙafafun baya a 1985, amma duk wanda ya ga hoton ta 1957 ba zai yi wahalar gane tawa ba. Abin da bai canza ba shi ne tunanin da ake jingina wa Chapman, cewa ƙarin ƙarfin inji a miƙaƙƙiyar hanya kaɗai yake amfani, rage nauyi kuwa ko'ina yake amfani: wajen tashi, wajen taka birki, wajen shan kwana.

An fara gasar Academy a 1995, kuma sharaɗinta shi ne kada mutum ya taɓa riƙe lasisin tsere a baya. Duk motocin iri ɗaya ne. Tawa injin Ford Sigma ne mai lita 1.6 da ƙarfin doki 125, an buga masa hatimi yadda ba mai buɗe shi ya ƙara masa wani abu a ɓoye. Giya biyar ce ta Mazda MX-5. Tayoyin da gangan aka zaɓi masu tauri, marasa kama ƙasa sosai, domin motar ta riƙa sulɓewa tun a ƙaramin gudu, direba ya koyi jin ta a ƙugunsa kafin ya kai gudun da kuskure ke tsada. Akwai kejin ƙarfe da ya lulluɓe direba, da tukunyar kashe gobara mai tiyo zuwa ɗakin inji, da makunnin da ke yanke wutar batir gaba ɗaya daga waje. A cikin kuɗin akwai jarrabawar lasisi, da kuɗin shiga tseren shekarar, da makanikan kamfani da ke zuwa kowane fili. Wannan haɗin shi ya ja ni. Da mota kaɗai suke sayarwa da ban san ta ina zan shiga harkar ba, don ni ma'aikacin ofis ne, kanikancina bai wuce canza baƙin mai da takalmin birki ba.

Kayan sukan iso ne a ƙarshen shekara domin a gama kafin tseren bazara. Babbar mota ta tsaya a ƙofar gida, aka sauke shasi a kan ƙafafun ƙarfe, sannan aka shiga jido kwalaye har gareji ya cika ya tumbatsa zuwa falo. Ya kamata mai sha'awa ya san cewa ba daga ƙarfe tsirara ake farawa ba. Shasin bututu ne da aka riga aka yi wa walda, an lulluɓe shi da fallen alminiyom, an yi fenti, an shimfiɗa wayoyin wuta, an ɗaura dashbod da tankin mai da bututun birki da su totur da kuloci. Ba walda, ba yankan ƙarfe, ba fenti. Abin da ya rage maka shi ne ƙafafun gaba da na baya, sitiyari, inji da giya, lagireto da tiyoyinsa, farfela, aksul, salansa, fitilu, murafun taya, kujeru da keji. Notuna suna cikin ledoji, kowace leda da lambarta, littafin haɗawa kuma zane ne shafi bayan shafi, an rubuta ƙarfin ɗaurin kowane noti a gefensa. Kamfanin yakan ce aikin awa 80 zuwa 100 ne. Wanda ya taɓa yi zai iya kaiwa haka. Sabon hannu ya ƙara lokacin tsayawa yana kallon zane yana juya ƙarfe a hannu, wanda shi ma aiki ne.

Garejin gidajen Ingila ƙarami ne, mota ɗaya yake ci da ƙyar, amma ya isa idan aka sa shasin a kan ƙafafu masu taya ana tura shi gefe zuwa gefe. Abokin gaba na gaskiya sanyi ne. A Disamba magariba takan yi kafin ƙarfe huɗu na yamma, sifana ta yi sanyin da ke manne wa tafin hannu, roba ta sandare ta ƙi lanƙwasa. Ƙaramin hita da fitila mai ƙarfi sun fi min rabin kayan aikin da na saya amfani. Na kan jiƙa tiyon lagireto a ruwan zafi kafin in sa shi, ya yi laushi ya shige salin alin.

Da ƙafafun gaba ake farawa, kuma nan ne mutum ke samun ƙarfin gwiwa, don cikin yini guda abin da ke gabanka ya fara kama da mota. Nan ne kuma na koyi ɗabi'ar da ta fi komai amfani daga baya. Akwai sifanar awo, wadda ake saita mata ƙarfin da ake so, in an kai sai ta yi ƙas ta saki. Duk notin da ya yi ƙas, sai in ɗauki alƙalamin fenti in ja layi daga kan notin zuwa jikin ƙarfen da yake zaune. Layin yana gaya min abu biyu: na gama da wannan, kuma duk ranar da ya motsa zan ga layin ya rabu. Notunan da ke ratsa robar ƙafafu kuwa ba a ɗaure su tamau sai mota ta sauka ƙasa ta ɗauki nauyinta, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta mutu da wuri. Yawancin notuna na milimita ne, amma akwai 'yan tsiraru na inci, irin na bel ɗin kujera, don haka a tanadi sifanu iri biyu.

Sa inji shi ne babban yini. Ana haɗa inji da giya a ƙasa tukuna, sannan a rataye su a ƙaramin kiren, a karkatar da wutsiyar giya ƙasa, a zura ta cikin ramin da ke tsakanin kujeru biyu. Tazarar da ke tsakanin giyar da bututun shasi ba ta kai kaurin yatsa ba. Na naɗe duk bututun da soso da kwali don kada fenti ya ƙuje, domin inda ya ƙuje nan tsatsa za ta fara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, sai na kira ɗan wana da ke karatu a Birmingham, da wani dattijon Bature maƙwabcinmu da ya yi rayuwarsa a masana'antar motoci ta Coventry. Kiren ɗin da na hayo daga wani shago ashe yana yoyon mai, yana sauka da kansa a hankali ko ba a taɓa shi ba, abin da ya sa ba mu da damar tsayawa shawara inji na rataye. Yaron yana kwance a ƙasa da tocila yana kallon wutsiyar giya, ni ina riƙe da kan inji, dattijon na kan kiren. "Baffa, a dakata, ta kusa taɓa bututun birki. A ɗan tura hagu. Haka. To Baffa, a sauke kaɗan." Haka muka yi ta yi, taƙi bayan taƙi, har ramukan kujerar inji suka zo daidai da na shasi, noti ya shige da yatsa ba tare da guduma ba. Dattijon ya dafa kafaɗar yaron ya ce idonsa ya fi na wasu da ya yi aiki da su. Shagon kuwa na mayar musu da kayansu na gaya musu gaskiya, don irin wannan sakaci yana iya karya hannun mutum.

Aksul na baya ya fi inji cin rai, ko da yake bai kai shi girma ba. Ƙullin ƙarfen nan ne da ke raba ƙarfin inji ga tayoyin baya biyu, mai nauyi ne, kuma a kwance ake sa shi, yana bisa jak, fuskarka na ƙarƙashinsa. Kafin ya hau dole farfela da wayar birkin hannu su riga shi shiga ramin, don da zarar ya zauna ya toshe hanya. Notuna biyu ne a ƙasa, sai wani dogo guda a sama da ke ratsa shi daga wannan gefe zuwa wancan. Dole kuma ya zauna a tsakiya cif, ana cusa siraran wasa hagu da dama ana aunawa har bambancin ya koma milimita ɗaya ko biyu. Ka cusa wannan, wancan ya faɗo. Dabarar da wani ɗan ƙungiyar masu Seven ya nuna min ita ce a shafa wa wasan giris ya manne, a kuma fara zura siririn ƙarfe mai tsini ya daidaita ramukan kafin dogon notin ya biyo baya. Irin wannan ba a zana shi a littafi, a hannun waɗanda suka riga ka yake, kuma na same su masu kyauta da shi.

Abin da ban zata zai tsayar da ni ba shi ne fitilun gaba. Kowace fitila na zaune a kan ƙaramin ƙarfe mai rami, kuma duk wayoyinta da na sigina sai sun bi ta cikin ramin, su karya kwana, su fito cikin shasi, a cikin rigar roba, ba tare da an ga jan ƙarfe ko guda a waje ba. Yatsuna sun yi wa wurin girma. 'Yata ta firamare ta daɗe a bakin ƙofa cikin rigar sanyi tana kallo, sai ta ce, "Abba, kawo in gwada." Na zura zare ta ramin, na ɗaure wayar farko a bakinsa, na ɗiga ruwan sabulu. Ta durƙusa, harshe a waje, tana ja da hannu ɗaya tana tura da ɗaya, waya ta leƙo. Ta biyu ta bi, ta uku ta maƙale, ta mayar da ita baya ta murza ta sake ja, ta fito. Fitilar hagu gaba ɗaya aikinta ce, kuma har yau in an kunna sai ta zagaya ta duba ko tana ci.

Fitar da iska daga birki aikin mutum biyu ne, uwargida ce ta zauna a kujerar direba ina ƙasa ina cewa taka, riƙe, saki. Da muka gama ta daɗe zaune tana duban kejin da ke kanta, sannan ta ce, "Maigida, wannan shi ne duk abin da ke tsakaninka da ƙasa in ta kife?" Na ce shi ne, da bel mai ɗaure kafaɗu da ƙugu, da hular kwano, da abin riƙe wuya, da riga mai jure wuta. Ban ce mata babu haɗari ba, domin akwai. Tambayar tata ce ta sa na sake bin notunan keji ɗaya bayan ɗaya da sifanar awo a gabanta. Ranar tayar da inji kuwa, sai da na cire wayar famfon mai na yi ta juya shi a bushe har allurar baƙin mai ta tashi, sannan na mayar na murɗa makulli. Ya yi tari, ya kama, fentin salansa ya fara hayaƙi yana ƙauri, abin da aka riga aka gaya min zai faru.

Ba a hawa titi da motar da aka haɗa a gida sai hukuma ta gani. Da farko kamfani ko dillalinsa yakan bi ta sama da ƙasa ya duba aikinka, kuma wannan dubawa tana cikin abubuwan da na fi yabawa, don idon wanda ya ga ɗaruruwansu ya fi naka. Daga nan sai gwajin IVA a hannun hukumar DVSA, wanda ya maye gurbin tsohon gwajin SVA a 2009. Fam 450 na biya. Suna auna birki a kan na'ura, da hayaƙi, da saitin fitilu, da gaskiyar agogon gudu, da ƙarar salansa, wadda ba za ta wuce desibel 99 ba. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda suke farautar kaifi. Jami'in yana da ƙwallo mai faɗin milimita 100 da yake gogawa a jikin mota, duk inda ƙwallon ya taɓa dole gefen ya zama mai lanƙwasa da bai gaza milimita 2.5 ba, saboda mai tafiya a ƙasa da za a iya bugewa. Shi ya sa ake bin bakin murafun taya da roba, a sa wa kowane noti na waje hula. Aiki ne mai gundura, amma na fito daga wurin ina girmama tsarin. Bayan an ci, sai a aika takardu DVLA, hukumar rajistar motoci da ke Swansea, a jira lamba.

A kan titi, gaskiya, motar ba ta da tausayi. Shiga ma sai an koya: ka taka kujera, ka dafa keji, ka zurara ƙafafu cikin rami. Wurin ƙafa matsattse ne har takalmi mai faɗi yakan taka birki da totur lokaci guda, dole a nemi siriri. Mai jiki ko dogo ya je ya zauna a ciki kafin ya ba da ko sisi; akwai babban shasi mai suna SV da aka fito da shi a 2000, ya fi wannan faɗi da santimita 11. Kana zaune dab da ƙasa, kanka daidai da notunan tayar babbar mota, kuma direbobi da yawa ba sa ganinka. Zafin giya yana dukan cinya, iska na dukan kunne, ruwan sama yana samun hanyarsa ko an kafa rumfar. Wurin kaya bai wuce na jaka ɗaya ba. Wanda ke neman motar zuwa aiki ko ta yawo da iyali, Mazda MX-5 ta hannu za ta ba shi daɗi mai yawa a kan ɗan kaso na wannan kuɗi. Amma a ƙaramar hanyar ƙauye da sassafe, sitiyarin nan da ba fawa yana kawo maka labarin kowane tsakuwa, kana kallon tayoyin gaba biyu suna hawa da sauka a gabanka, ka karkata wuyan hannu kaɗan ta riga ta juya. Ban taɓa tuƙa abin da ke amsawa haka ba.

Lasisin tsere daga Motorsport UK, hukumar tseren mota ta Birtaniya, yake fitowa, bayan jarrabawar ARDS: rubutu a kan tutoci da ƙa'idoji, sai zagaye da malami a gefenka yana duba natsuwa, ba gudu ba. Tuta rawaya haɗari ne a gaba, ba wucewa. Ja a dakatar da tsere. Shuɗiya wani na bayanka da ya fi ka gudu. Mai ratsin ja da rawaya ƙasa na da santsi. Sabon shiga yana liƙa baƙar alamar gicciye a kan rawaya a bayan motarsa har sai ya tara sa hannun jami'ai. Abu ɗaya da Musulmi zai lura da shi: tsere Asabar da Lahadi ne, amma ranar gwajin fili sau da yawa Juma'a take faɗawa, kuma filayen a ƙauye suke. Ni na kan duba masallaci mafi kusa tun kafin in biya, in bai yiwu ba in haƙura da gwajin.

A fili ne motar ta nuna dalilin da aka yi ta. Ba ta kai kilomita 200 a awa, kuma siffarta ba ta yanka iska, don haka wanda ke bayanka yana samun sauƙin iska ya matso ya wuce, kai ma ka rama a miƙaƙƙiya ta gaba. Tunda inji ɗaya ne da kowa, ba mai tserewa da kuɗi. Tseren minti ashirin sai ka ƙare shi a tsakiyar motoci biyar ko shida, kowa na ganin idon kowa a madubi. Kwanar farko ta filin tseren Brands Hatch, mai suna Paddock Hill, ana shiga ta ne ba a ganin ƙarshenta, ƙasa ta zame daga ƙarƙashinka, cikinka ya biyo baya. Mota mai nauyi a nan sai ka roƙe ta. Wannan kuwa in bayanta ya fara fita tana sanar da kai da wuri, ka gyara da ɗan motsin hannu ka ci gaba.

A filin tseren Snetterton ne na ga ribar sanyin gareji. A zagayen neman gurbi wani ya goge ni a tayar gaba ta dama, ba da ƙarfi ba, amma da na fito miƙaƙƙiya sai na ga sitiyari ya karkace. Makanikan kamfani suna nan, sai dai layi ya yi tsawo, akwai waɗanda ɓarnarsu ta fi tawa. Na ɗaga motar, na cire taya, na bi layukan fenti da ido. Duk suna nan daram ban da guda, na notin da ke kulle sandar sitiyari a jikin ƙafar taya, ya rabu da kusan rabin juyi. Sandar ba ta lanƙwashe ba. Na ja zare daga tayar baya zuwa ta gaba a kowane gefe, na auna da rula, na mayar da ita inda take, na ɗaure, na ja sabon layi. Bakanikensu ya zo ya duba ya ce in tafi. Maƙwabcina a wurin ajiye motoci, wanda aka haɗa masa tasa a kamfani, mutumin kirki ne kuma ya fi ni gudu, amma duk ƙarar da ya ji sai ya tsaya jiran wani ya gaya masa ko babba ce. Kuɗin da ake ragewa in ka haɗa da kanka, a lokacin da na saya, fam dubu biyu ne da wani abu, wanda in ka cire kayan aiki da IVA kusan ba abin da ya saura. Ba don ragi ake yi ba. Don wannan rabin awar ake yi, da kuma natsuwar shiga kwana kana sane da hannun da ya ɗaure birkinka.

Maganar kuɗi sai an faɗe ta a fili. Mota da gasar sun haura fam 30,000, kuma na yi shekaru ina tarawa don ban yarda in ci bashi mai ruwa a kan abin sha'awa ba. Wannan bai haɗa da hular kwano da riga da takalmi da safar hannu da abin riƙe wuya ba, waɗanda duk sai masu hatimin ingancin da hukumar tsere ta yarda da shi, ana kuma duba su kafin kowane tsere. Bai haɗa da mai da masauki da ranakun gwaji ba. Doka ta yarda ka tuƙa ta zuwa fili tunda tana da lamba, amma in ta lalace a can da me za ka koma gida? Yawancinmu mun ƙare da ƙaramar tirela. Inshorar titi ba ta biyan abin da ya faru a fili, kuma murfin taya da hancin mota kayan fashewa ne a tsakanin sababbin direbobi. Inda take sassautawa shi ne taya da takalmin birki, waɗanda ke daɗewa saboda rashin nauyi, da kuma darajarta a kasuwar hannu, wadda ba ta faɗuwa irin ta sauran motoci.

Akwai hanyoyi masu araha. Westfield, da GBS Zero, da MK Indy duk masu wannan siffa ne, kuma da yawansu ana sayen tsohuwar MX-5 ne a kwashe injinta da giyarta da aksul a zuba. Akwai ma Locost, inda wasu ke yanka bututu su yi wa shasinsu walda tun daga tushe, ƙungiyar 750 Motor Club kuma tana shirya musu tsere. Na ga masu kyau ƙwarai a cikinsu, kuma wanda ya iya walda da wutar mota zai fi ƙaruwa a can. Sai dai aikin wata biyu ko uku yakan koma na shekaru, kuma gareji nawa ne a ƙasar nan ke ɗauke da rabin mota a ƙarƙashin tamfol. Abin da Caterham ke sayarwa da tsada shi ne komai sabo ne, komai ya zo tare, kuma akwai ranar tsere da ke jiranka, wadda ke hana ka yin kasala.

'Yan uwa a gida suna tambaya ko zan kawo ta. Ba zan kawo ba. Sitiyarinta a dama yake, Najeriya kuwa ta koma tuƙin hannun dama tun 1972, ko da yake kamfanin na yin mai sitiyarin hagu. Ko an warware wannan, tukunyar baƙin mai tana rataye 'yan yatsu kaɗan daga ƙasa, tudun rage gudu na farko zai fasa ta, ga ƙurar hunturu da zafin bazara a motar da ba rufi. Abin da nake so ya isa gida ba motar ba ce. Duk sanda na ga bidiyon samarinmu suna wasan mota a titi ranar biki, mutane tsaye a gefe ba shinge, raina yakan ɓaci, domin na san abin da suke nema, ni ma shi nake nema, kuma na ga yadda ake samun sa a wurin da akwai shingen taya da motar asibiti da mai tuta a kowace kwana. Masu waldarmu da makanikanmu ba su gaza yin shasin bututu irin wannan ba. Fili da ƙa'ida da mai dubawa su ne aikin.

Motar Academy ba a yar da ita bayan shekara guda. Ana ɗaga ta mataki mataki: Roadsport, sai 270R, sai 310R mai ƙarfin doki 152, duk a kan shasi ɗaya. Na riga na sa sunana a Roadsport. Canjin bana ƙarami ne, tayoyi masu kama ƙasa da sandar hana tangaɗi a baya, kuma tunda za ta hau ƙafafun ƙarfe zan sauke ƙafafun gaba gaba ɗaya in duba robobinsu, in canza man birki da na aksul, in kuma sayi kiren nawa na kaina.